Martani: Gwanintar Achaba Ba Ta Kai Mutum Kan Hayabusa

Kwanakin baya wani marubuci ɗan Arewa mazaunin Kudu ya fitar da sharhi yana kare samarin Hausawa masu sha'awar manyan baburan tsere, waɗanda ake kira fawa-baik, a Fatakwal da Anaca da Inugu. Ya ji zafin yadda dattawan unguwa ke cewa yaro bai isa hawan irin wannan babur ba. Hujja uku ya kafa. Ta farko, saurayin da ya yi shekara biyar yana achaba a cunkoson Upper Iweka ko mahaɗar Eleme ya riga ya ga duk abin da titi ya ƙunsa, don haka babu mashin ɗin da zai gagare shi. Ta biyu, shekarun haihuwa ba ma'auni ba ne, tunda Marc Márquez ɗan Sifaniya ya zama zakaran tseren babura na duniya yana da shekara 20. Ta uku, doka ta yarda mai shekara 18 ya karɓi lasisi, abin da ya rage kuma ajali ne, wanda ba ya tambayar girman inji.

Akwai wurin da marubucin yake da gaskiya, kuma ya kamata a ba shi. Achaba makaranta ce. Wanda ya ɗauko buhun albasa da mai kayan daga kasuwar Ose, ya ratsa tsakanin tirela da kwata bai sa ƙafa a ƙasa ba, ya san abin da mai mota bai sani ba. Yana karanta niyyar direban bas tun kafin direban ya karya kan mota. Ya san ramin da ruwa ya rufe. Samarin da suka baro Sakkwato da Kabi da Zamfara da Jigawa, har da Maraɗi da Tawa, suka ciyar da gidajensu da wannan sana'a, sun cancanci a girmama su. Inda sharhin ya kauce hanya shi ne zaton cewa ana ɗauko wannan gwaninta ɗungurungum a ɗora ta a kan kowane babur. Kama da wane ba ta wane.

A duba lissafi. Bajaj Boxer ƙarami, wanda shi ne jakin achaba a Najeriya, injinsa wajen cc 100 ne, ƙarfinsa kamar na doki takwas, in an matse shi iyaka ya taɓa kilomita 90 a awa. Yamaha R1, da ya fara fitowa a 1998, injinsa cc 998 ne. Ƙirar yanzu ƙarfinta ya kai na doki 200, nauyinta kuma wajen kilo 200. Ke nan nauyi bai ninka na Boxer sau biyu ba, amma ƙarfi ya ninka sau 25. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 daƙiƙa uku ne, kafin mutum ya gama amsa sallama. A giyar farko kaɗai yana haura kilomita 140, alhali iyakar da dokar hanya ta ba ƙaramar mota a babban titi kilomita 100 ce, ga kuma sauran giya biyar suna jira.

Suzuki Hayabusa, wanda sunansa ya fi yawo a bakin samari, ya fito ne a 1999. Sunan wani shaho ne da Japananci, kuma babur ɗin ya haura kilomita 300 a awa. Gudun ya tayar da hankalin hukumomi a Turai har kamfanonin da ke ƙera irinsa suka yarda a tsakaninsu, tun wajen shekarar 2000, su ƙayyade gudun baburansu kusa da 300. Masu ƙera abin da kansu suka ga ya kai inda za a ja masa linzami. Marubucin kuwa yana so a miƙa wa yaro makulli don ya iya Boxer.

Matsalar ta wuce rashin sanin sabon babur. Ɗabi'un da suka tsare ran ɗan achaba shekara da shekaru su ne za su juya masa baya. A kan Boxer, hannu ya saba murɗa totur har ƙarshe, domin in ba a yi haka ba mashin ba ya tashi da fasinja biyu. Hannun da ya yi wannan murɗi sau dubbai ba ya shawara da mai shi ranar da aka firgita. A kan R1, wannan murɗin yana ɗaga tayar gaba sama, ko ya sa ta baya ta sulɓe ta sake kamawa ta yi cilli da mahayi. Haka birki. Da yawa daga 'yan achaba da ƙafa suke tsayawa, suna tsoron birkin hannu. Babur ɗin tsere kuwa kusan duk tsayuwarsa a gaba take, inda faranti biyu ke damƙe taya da ƙarfin da yatsa biyu ya isa. Wanda ya take na ƙafa cikin gudu, baya zai kwashe masa. Wanda ya cafke na hannu gaba ɗaya cikin razana, zai tsinci kansa a kwalta.

Sai kwana. Boxer da jiki da ƙafa ake juya shi, ana iya karya kansa a lungun da bai fi faɗin amalanke ba. Babban babur kansa ba ya karyuwa sosai, mahayi kuma a kife yake a kan tanki, nauyinsa a wuyan hannu. Cikin gudu, in ana son shiga kwanar dama, hannun dama ake turawa gaba kaɗan, babur ya kwanta ya bi. Wanda ba a koya wa wannan ba, in kwana ta zo masa da sauri fiye da zatonsa, sai ya ƙame, ya zuba wa dakalin gefen titi ido, babur kuma ya nufi inda ido ya tsaya.

Idon ma sai an sake masa tarbiyya. Ɗan achaba yana duban taku goma zuwa ashirin a gabansa, kuma hakan ya ishe shi. A gudun kilomita 200, babur yana cin mita 56 a kowace daƙiƙa, fiye da rabin filin ƙwallo. In gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa ninkawa take sau huɗu. Karo a gudun 60 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 14. Karo a gudun 180 daidai yake da faɗowa daga mita 127. Na farko ana iya kai shi wurin mai ɗori ko Asibitin Ƙashi na Inugu, takwaran na Dala. Na biyu sau da yawa wanka da likkafani ake nema masa.

Wannan magana an riga an auna ta. A 1981 wani masani mai suna Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya fitar da binciken haɗurran babur 900 da shi da abokan aikinsa suka bi diddigi a yankin Los Angeles. Abin da suka gano ya rushe hujjar farko ta marubucin tun daga tushe. Fiye da rabin waɗanda suka yi haɗari ba su kai wata biyar a kan babur ɗin da suka faɗi da shi ba, ko da yake jimillar hawansu a titi ta kusa shekara uku. Shekarun hawa suna nan, sabo da wannan mashin ɗin ne babu. Binciken ya kuma nuna kashi 92 cikin ɗari ko dai su suka koya wa kansu, ko ɗan'uwa ko aboki ya koya musu. Lokacin da mahayi ke samu tsakanin ganin hatsari da aukuwarsa bai cika daƙiƙa biyu ba, kuma kuskuren da ya fi maimaituwa shi ne take birkin baya fiye da kima da barin na gaba. Duk wanda ya san yadda ake koyon babur a Diobu ko Gariki ta Awkunanaw zai ga kamar hoton unguwarsa aka ɗauka.

Hujja ta biyu, wato Márquez, in aka karanta ta har ƙarshe, marubucin take ƙaryatawa. Gaskiya ne ya ci kambun MotoGP a 2013 yana da shekara 20. Amma tun yana ƙaramin yaro yake kan ƙananan babura a ƙarƙashin masu horarwa. Ya ci kambun ajin cc 125 a 2010, ya ci na Moto2 a 2012, sannan aka ba shi babban mashin. Valentino Rossi na Italiya ma haka ya hau: cc 125 a 1997, cc 250 a 1999, cc 500 a 2001. Babu ɗaya daga cikinsu da ya tsallake matakala. Kuma filin da suke gudu a kai babu tanka, babu akuya, babu mai tallar burodi, babu motar da ta biyo hannun da ba nata ba. Akwai fili mai tsakuwa da ke tare wanda ya zame, da likita a bakin hanya, da rigar fata daga wuya har idon sawu. Duk da haka, a 2021 kaɗai matasa uku suka mutu a gasanni daban-daban: Jason Dupasquier mai shekara 19, Hugo Millán mai 14, da Dean Berta Viñales mai 15. Hukumar tseren babura ta duniya ta ɗaga mafi ƙarancin shekarun shiga manyan gasanninta zuwa 18 daga 2023. Mutanen da marubucin ya kira shaida su ne suka yanke cewa shekaru suna da nauyi.

Ƙasashen da suka fi kowa yawan irin waɗannan babura ba su bar abin ga sa'a ba. A Tarayyar Turai, tun 19 ga Janairu 2013, lasisin babur hawa-hawa ne. Matashi yana farawa da wanda bai wuce cc 125 ba. Daga nan sai matsakaici, wanda ƙarfinsa bai wuce na doki 47 ba, daga shekara 18. Sai ya yi shekara biyu a kansa kafin a buɗe masa babba. Wanda ke son tsallakawa kai tsaye sai ya cika shekara 24. A Ingila matakan su ne 17, 19 da 21, ko kuma 24 ga mai zuwa kai tsaye. Faransa ta ƙara matsewa a 2016: ko shekarar mutum 50, in sabon hannu ne, sai ya yi shekara biyu a kan matsakaici, ya ƙara horon awa bakwai. A yawancin jihohin Ostareliya, mai koyo ba ya wuce cc 660, kuma akwai iyaka a kan ƙarfin inji gwargwadon nauyin babur.

Tsarin Faransa ya nuna abin da dattawan unguwa su ma ya kamata su ji. Furfura ita kaɗai ba ta ba da izini. Alhajin da ya tara kuɗi a fataucin shanu ko canji, ya sayi cc 1000 yana da shekara 45 bai taɓa hawan abin da ya wuce roba-roba ba, yana cikin hatsari kamar ɗansa, ƙashinsa ma ya fi wuyar haɗuwa. A nan marubucin ya kusa gaskiya. Sai dai daga cewa shekaru kaɗai ba su isa ba zuwa cewa shekaru ba su da amfani, akwai tafiya mai nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta fitar da alƙaluma a 2007 da suka nuna masu hawan baburan tsere suna mutuwa kusan ninki huɗu fiye da masu hawan babura na yau da kullum, kuma matsakaicin shekarun waɗanda suka mutu a kansu 27 ne, mafi ƙanƙanta a cikin dukkan rukunoni. Ƙuruciya tana da saurin hannu da kaifin ido. Abin da take jinkirin samu shi ne iya ƙin amsa gayya lokacin da aboki ya zo gefe a fitilar hanya yana murza totur, ko lokacin da ake ɗaukar bidiyo a ranar ɗaurin aure ana ihun a ɗaga taya.

Akwai kuma abin da sharhin ya tsallake game da biranen ukun da ya ambata. Gwamnatin Rotimi Amaechi ta hana achaba a cikin Fatakwal da kewayenta. Gwamna Sullivan Chime ya hana a birnin Inugu a 2012. Gwamna Willie Obiano ya hana a Anaca da Awka daga 1 ga Yuli 2018. Da yawa daga tsofaffin 'yan achaba sun koma Keke Napep, ko sun matsa ƙauyukan gefe da hanyoyin ƙasa. Gwanintar da ake taƙama da ita, ga saurayin yau, galibi ta lungu ce da turɓaya da gudun 40 zuwa 50. Babban babur kuwa ba don lungu ake sayensa ba. Titi dogo yake kira, kuma titunan da za su amsa kiran an san su.

Daga 9th Mile zuwa cikin Inugu akwai gangaren Ugwu Onyeama, inda tireloli da tankoki ke shan wahalar birki, wurin da duk direban da ke kawo kaya daga Arewa ya san sunansa. Akwai tsohuwar hanyar Milliken Hill mai kwana bisa kwana da kwazazzabo a gefe. Hanyar Inugu zuwa Fatakwal tana bi ta Lokpanta, inda kasuwar shanu take, ta wuce Okigwe da Umuahia da Aba, kuma mai tafiya a kanta yakan fito daga kwalta mai santsi ya faɗa wurin da ake gyara ko shingen jami'an tsaro ba tare da gargaɗi mai nisa ba. Sabuwar gadar Neja, mai tsawon kilomita 1.6 da aka ƙaddamar a Mayun 2023, da hanyoyin da ke kaiwa gare ta, shimfiɗe suke kamar tabarma, irin wurin da ke ruɗar hannu. A Fatakwal kuwa ruwan sama yana haura milimita 2,000 a shekara, fiye da ninki biyu na abin da Kano ta saba gani. Hanyar East-West da ta Aba suna ɗauke da manyan motocin tashar Onne da matatar Eleme, kuma man da ya ɗiga a jiƙaƙƙiyar kwalta sabulu ne ga tayar da faɗin abin da ke taɓa ƙasa a cikinta bai wuce tafin hannu ba.

Hujja ta uku ita ce doka da ajali. Gaskiya ne lasisin babur a Najeriya rukuni ɗaya ne, wato A, kuma daga shekara 18 ake bayarwa. Takardar da ta halatta Boxer ita ce ta halatta Hayabusa. Wannan giɓi ne da ke neman cikewa, domin an tsara dokar ne da ƙananan babura a zuciya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da aka kafa a 1988, tana fama har yau da abin da ya fi wannan sauƙi. Da ta fara tilasta hular kwano a 1 ga Janairu 2009, an ga wasu 'yan achaba a Kano sun kifa ƙwarya a ka. Al'ummar da ba ta gama yarda da hula ba, bai kamata a gaya wa samarinta cewa shirun doka izini ne ba. Bincike ya daɗe da nuna hula mai kyau tana rage hatsarin mutuwa da wajen kashi 40 cikin ɗari, raunin kai kuma da wajen kashi 70. Wannan ma sai in ta gaske ce mai rufe haɓa, an kuma ɗaure igiyarta. Mai hawan doki 200 da silifas da 'yar shara ya riga ya zubar da rabin kariyarsa tun bai tayar da inji ba.

A ƙara da irin babur ɗin da ke isowa hannun saurayi. Sabo ya fi ƙarfin aljihun yawancin mutane, don haka na hannu ake saye, wanda ya gama yayinsa a Turai ko Amurka ko Japan. Birki mai hana taya ƙamewa, wato ABS, sai daga 2016 Turai ta wajabta shi a kan sababbin ƙirar da suka wuce cc 125. Tsofaffi da yawa ba su da shi. Wasu sun taɓa faɗuwa an sake musu fenti. Taya tana iya zama da zane mai kyau alhali robar ta bushe. A gefenta akwai lamba huɗu da ke faɗin mako da shekarar da aka yi ta, misali 2316 na nufin mako na 23 na 2016, amma masu saye kaɗan ne ke dubawa. Nnewi ta yi suna wajen kayan gyaran babur, Mgbuka ta Obosi da Ikoku ta Fatakwal cike suke da kayan hannu, amma bakaniken da ya ƙware a Boxer bai zama lallai ya san saitin birki da sassan lantarki na babur ɗin tsere ba.

Game da ajali, babu musulmin da ke jayayya da shi. Amma malaman da ke wa'azi a masallacin Bida Road na Anaca ko na Asata a Inugu ba su taɓa karantar da cewa tawakkali yana soke riƙon sababi ba. Marubucin da kansa ba zai ba ɗansa mai shekara 18 wuƙar fawa da bijimi ya ce ya kayar shi kaɗai don ajali a rubuce yake ba. Kuma ƙasar nan ta ga darasi a gidan da ya fi kowane gida gata. A daren 26 ga Disamba 2017, Yusuf, ɗan shugaban ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya yi haɗari a kan irin wannan babur a Gwarinpa ta Abuja. Fadar shugaban ƙasa ta sanar da cewa ya samu rauni a kai da karaya. An yi masa aiki a Abuja, aka fitar da shi waje, ya dawo bayan makonni. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya kuma samu likitocin da ake buƙata a cikin daren. Yaron mai shayi da ya faɗi a Oyigbo ko Ugwuoba, wa zai ɗauke shi, a wace mota, da wane kuɗi?

Akwai nauyi na musamman a kan ɗan Arewa mazaunin waɗannan garuruwa, wanda marubucin ya fi kowa sani tunda a cikinsu yake zaune. Baƙo ba shi kaɗai yake yin haɗari ba. In babur ɗinsa ya kaɗe ɗan gari, ba sunansa za a kira ba, sunan ƙabilarsa za a kira. Mai sayar da doya, da mai wankin takalmi, da mai gadi, waɗanda ba su taɓa taɓa babur ɗin ba, su ne za su kwana da fargaba, Sarkin Hausawa kuma ya kwana yana zirga-zirga tsakanin ofishin 'yan sanda da gidan basaraken gari. Zaman da aka gina tun zamanin su Malam Umaru Altine, ɗan Sifawa mai fataucin shanu da mutanen Inugu suka zaɓa magajin garinsu a shekarun 1950, da haƙuri da amana aka gina shi. Bai dace a jingina shi a kan wuyan hannun yaron da ya karɓi makulli jiya ba.

Ba a ce kada Bahaushe ya hau babban babur ba. Wanda ya yi gumi ya tara kuɗinsa yana da haƙƙin jin daɗinsu, kuma sha'awar abin hawa mai ƙarfi tsohuwa ce a ƙasar da ake sukuwa da hawan sallah. Amma a gidan da ake kiwon dawaki, yaro da jaki yake farawa, ya koma kan ƙuru, ya daɗe yana kilisa a bayan manya kafin a bar shi da ingarma. A tashar tirela ma haka abin yake. Motocin da ke ɗauko shanu daga Potiskum da Maigatari da Mubi zuwa Lokpanta da Ugwuoba, babu direba a cikinsu da ya fara da sitiyari. Yaron mota yana shekaru yana sa waigi, yana duba taya, yana jan mota a cikin gareji, kafin maigida ya ba shi hanya da rana, sannan da dare, sannan da kaya. Babu wanda ya taɓa kiran wannan raini. Turawa a takarda suka rubuta matakalarsu, Hausawa kuwa sun daɗe da tasu a aikace.

Abin da ya rage shi ne a ɗora babur a kan wannan tsari, ba sai an jira majalisa ba. Wanda ya fito daga Boxer ya yi aƙalla shekara guda a kan cc 150 zuwa 250 mai birkin faranti a gaba, har yatsunsa su koyi matsawa a hankali. Daga nan ya yi shekara biyu a kan irin su Yamaha R3 ko Kawasaki Ninja 400 ko Honda CB500, waɗanda ƙarfinsu ke tsakanin doki 40 da 50, kuma sun ishi kowane titi a Najeriya. Kada a ruɗe da cc 600 na tsere a ɗauka matsakaici ne, domin Yamaha R6 ƙarfinsa ya haura na doki 110. Shi da cc 1000 su jira sai mutum ya cika shekara 24 kuma ya bi matakan nan biyu. A kowane mataki a samu wanda ya iya ya koyar a fili, ba a titi ba: tsayawar gaggawa, kauce wa cikas, shiga kwana. Kuɗin hula mai rufe haɓa, da jaket mai kariya, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu, a lissafa su cikin kuɗin babur tun farko.

Masu iya tabbatar da wannan suna nan a unguwa. Dillalin da ke haɗa ciniki yana iya tambaya kafin ya karɓi la'ada: “Ɗan'uwa, me ka hau kafin wannan, kuma shekara nawa?” Maigidan da yaronsa ya zo neman cikon kuɗi yana iya cewa: “Zan cika maka na cc 300 bana, mu ga hannunka.” Liman yana iya ba abin minti biyar a huɗubar Juma'a kafin bikin sallah, lokacin da samari ke shirin tafiya gida a kan babur don a gani. Sarakunan Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu suna iya gayyato jami'an kiyaye haɗurra da tsofaffin mahaya su buɗe filin koyo sau ɗaya a wata, su kuma haɗa baki su rubuta wa hukuma suna neman a raba lasisin A gida uku. Marubucin yana da alƙalami kuma samari suna sauraronsa. In ya sake rubutu, wannan takarda ce ta fi buƙatar sa hannunsa, kuma filin koyon farko yana buƙatar wanda zai kira yaran su zo.